Yayan matata ya gyara mini mota, tun ranar wutarta ta rikice

Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Land Cruiser ƙirar 1994 mai shan dizal, wadda na gada daga mahaifina. Da ita nake kai hatsi da fasinja kasuwannin ƙauye, musamman da damina lokacin da ƙananan motoci ba sa iya shiga. Wata biyu da suka wuce kulocinta ya ƙone a cikin taɓo, na kai ta garejin yayan matata. Ya sauke giya ya canja faifan kuloci, kuɗin kaya kawai ya karɓa, ya ce ba zai karɓi ladan aiki a hannuna ba. Tun ranar da na ɗauko ta hankalina bai kwanta ba. Da safe kik sai ya yi ta nishi kafin ta tashi. Da na sa ribas sai agogunan gabana su mutu, fis ya ƙone. Na canja fis uku, daga baya yaron garejin ya naɗa siririyar waya a gurbinsa ya ce an gama. Yanzu agogunan ba sa mutuwa, amma sau biyu ina jin warin roba in na ja da baya, kuma in ta kwana biyu a ajiye sai an ara mata batir. Yayan ya ce batir ne, na sayi sabo, ba ta canja zani ba. Da na koma sai ransa ya ɓaci, ya ce shi giya ya taɓa bai taɓa waya ba, tsufa ne ya kama motar. Abokaina suna cewa an musanya mini altaneta, na'urar da ke yi wa batir caji. Matata kuma ta ce in na kai ta wani gareji na tozarta yayanta. Da motar nan nake ciyar da iyalina. Yaya zan yi?

Wani mai karatu

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa albarka a abin da ya bar maka. Za mu zo kan maganar suruki da ta uwargida, amma akwai abin da nake roƙonka ka yi yau ɗin nan kafin ka sake murza makulli: ka zare wayar nan da yaron ya naɗa a gurbin fis. Shi fis an yi shi ne don ya ƙone a madadin wayoyin mota. Da aka sa masa abin da ba ya ƙonewa, zafin da ya kamata ya kashe fis sai ya koma cikin damin wayoyi, kuma warin robar da kake ji rigar waya ce take narkewa. Na taɓa riƙe wa wani mai waya, wato mai gyaran wutar mota, fitila yana farke damin wata tsohuwar Hilux da aka yi wa irin wannan dabara. Da ya yanke salatif ɗin ya buɗe, wayoyi biyar muka tarar sun narke sun manne da juna kamar alewar da ta sha rana, jan ƙarfen cikinsu a waje yana gugar na kusa da shi. Motar da ke ɗaukar buhuna da mutane a hanyar da babu ruwa kusa ba a yi mata wannan ganganci. Ka mayar da fis mai lambar da aka rubuta a murfin akwatinsa. Kalarsu ma tana faɗa: ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Kada wani ya ce maka a sa babba don ya daina ƙonewa. Sannan duk dare ka kwance kan batir mai alamar ragewa ka ajiye shi gefe, har sai an gano inda cutar take. Abin kashe gobarar da jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya a hanya, ka duba yana da gas, ka ajiye shi inda hannunka zai kai.

To, maganar yayan matarka cewa bai taɓa waya ba. Ban ɗauke ta ƙarya ba, domin a wurin bakanike taɓa waya shi ne a yanka a haɗa, kuma mai yiwuwa bai yanka ko ɗaya ba. Sai dai giyar Land Cruiser ba ta sauka sai an raba ta da wayoyin da ke jikinta. Akwai ɗan makunnin fitilar ribas da aka ɗaura a jikin giya, akwai makunnin da ke kunna alamar ja da ƙafa huɗu, ga kik da akan cire, wanda kakkaurar wayarsa ke ɗauke da wuta kai tsaye daga batir dare da rana. Ga kuma baƙar waya mai kauri da ke mayar da wuta daga jikin inji zuwa batir, wadda a motoci da yawa ake ɗaure ta a noti kusa da inda giya ta haɗu da inji. Duk waɗannan hannu ya bi ta kansu, galibi hannun yara, a kwance a ƙarƙashin mota, giya mai nauyi tana lilo a kansu. Motarka kuma ta haura shekara talatin. Rigar wayar da ta sha zafin inji da ranarmu tsawon wannan lokaci takan bushe ta yi tauri, ana lanƙwasa ta sai ta tsage. Saboda haka da ya ce tsufa ne, ya faɗi rabin gaskiya. Ɗaya rabin shi ne tsufan ya zauna lafiya har ranar da aka motsa shi.

Abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa a wasiƙarka shi ne fis ɗin ba ya ƙonewa sai ka sa ribas. Cutar da ke da lokacin zuwa ta fi sauƙin kamawa. Makunnin da ke jikin giya a buɗe yake muddin ba ka sa ribas ba, don haka wayar da ta tashi daga gare shi zuwa fitilun baya ba ta da wuta. Kana sa ribas sai wuta ta shiga, in akwai inda ta goge tana taɓa ƙarfe, nan take fis ya tafi. Kenan ba duk motar za a bincika ba, waya ɗaya ce, daga saman giya zuwa bayan mota, ko kuma shi makunnin kansa. A tsofaffin Toyota da yawa fis ɗin da aka rubuta wa GAUGE shi ke ba agogunan gaban direba wuta, shi ne kuma ke ba fitilar ribas, shi ya sa suke mutuwa tare. A wasu samfurorin ma ta nan altaneta ke samun 'yar wutar da take farkawa da ita, in ya ƙone sai caji ya tsaya. Injin irin naka kuwa, mai famfon mai na gargajiya, ba ya buƙatar wuta sosai in ya riga ya tashi, ɗan abin da ke buɗe wa dizal hanya kawai yake ci. Za ka iya wuni kana yawo ba caji ba ka sani ba, sai gari ya waye batir ya ba ka labari.

Ga yadda ake kama ta ba tare da an ƙona fis goma ba. A samu ƙwan fitila, irin na sigina ko na babbar fitilar gaba, a haɗa masa wayoyi biyu a soka su a ramukan fis ɗin. A cire ƙwayayen fitilar ribas na baya. A ja birkin hannu, a sa dutse a taya, a buɗe makulli ba tare da an tada inji ba, sannan a sa ribas. In ƙwan ya haska sosai, wayar tana taɓa ƙarfe a wani wuri, kuma ƙwan ne ke shanye wutar, babu abin da zai ƙone. Sai mutum ɗaya ya zuba wa ƙwan ido, ɗaya ya shiga ƙasa yana girgiza damin wayoyi taki-taki. Inda hasken ya yi rawa ko ya dushe, nan ne. Ni da zan fara, wuri uku zan fara leƙawa: bakin da giya ta haɗu da inji, inda waya kan maƙale a matse ta da noti ba a lura ba, sai saman salansa, inda dami kan kwanta in an manta ba a mayar da shi cikin maƙalinsa ba, sai ƙarfen da ke tallafe da giya daga ƙasa.

Nishin kik da safe wata cuta ce daban, kuma zuciyata ta fi karkata ga baƙar wayar nan. Kik ɗin injin dizal mai silinda shida yana jan ɗaruruwan amfiya a 'yan daƙiƙoƙin da yake juyawa, kuma duk wutar da ta fita daga batir sai ta dawo. In an manta ba a ɗaure baƙar wayar ba, ko an ɗaure ta a kan tsatsa da maiƙo, ko notin bai ɗauru ba, wutar takan nemi hanya ta ƙananan wayoyi, ta igiyar totur, ta igiyar birkin hannu, har su yi zafi. Gwajinta ba ya cin ko sisi. Ka ɗauki waya ɗaya daga cikin wayoyin da ake ara wa mota batir da su, ka maƙala baki ɗaya a kan batir mai alamar ragewa, ɗaya bakin a wani tsabtataccen ƙarfe a jikin inji, ka tayar. In kik ya juya da ƙarfi kamar da, ka kama ɓarawonka, kuma gyaransa bai wuce a kankare wurin a ɗaure noti ba.

Sauran aikin na mita ne, 'yar ƙaramar nan ta masu gyaran rediyo, wadda ba ta kai kuɗin batirin da ka saya ba. Ina so kai da kanka ka san lambobin, don kada a yi ta juya ka da baki. Batir mai lafiya da ya cika ya huta yakan nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. In ya nuna 12.0, ya yi ƙasa sosai. In inji yana aiki, ya kamata mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4, in ta tsaya a 12 da ɗoriya ko tana sauka in an kunna fitilu, babu caji. A nan ina gargaɗinka da wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejinmu, ta zare kan batir inji yana aiki wai a ga ko altaneta na caji. Kada ka bari a yi wa motarka. Wutar takan yi tsalle ta lalata altanetar da ake son gwadawa, kuma injinka na iya ci gaba da aiki ko ya mutu ba tare da ya gaya maka komai mai amfani ba. Ita baƙar wayar ma mita na auna ta: tsinke ɗaya a kan batir mai alamar ragewa, ɗaya a jikin inji, wani ya murza makulli. In lambar ta haura rabin bolt lokacin da kik ke juyawa, hanyar komawar wuta ba ta da kyau.

Sai batun batir da ke mutuwa in mota ta kwana biyu a ajiye. Ko dai ba ya samun caji da rana, wanda gwajin da na faɗa zai nuna, ko kuma wani abu na tsotsarsa da dare. A cire makulli, a rufe ƙofofi don fitilar ciki ta mutu, a kwance kan batir mai alamar ragewa, a juya mita zuwa ma'aunin amfiya 10, a sa ta tsakanin kan batir da wayar da aka kwance. Kada kowa ya murza makulli a wannan hali, mitar za ta ƙone. Tsohuwar mota irin taka in tana barci bai kamata ta ja fiye da 0.05 ba. In ka ga 1 ko 2, yi lissafi da kanka: amfiya 2 a awa 48 ya kusa ɗari, wato batir guda cur. Sai a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya ana kallon mita, wanda aka zare lambar ta faɗi, layinsa ne. In an zare duka ba ta faɗi ba, a duba altaneta, domin in ta lalace daga ciki takan bar wuta ta koma ta cikinta, a duba kuma abubuwan da aka ƙara daga baya aka ja musu wuta kai tsaye daga batir, kamar rediyo da ƙarin fitilu. Abin da nake tsoro, wanda ya sa na fara da maganar wayar yaron, shi ne a tarar zafin ya narkar da rigar wata waya mai wuta kullum ta manne da maƙwabciyarta. In haka ne, a farke damin a bi shi har inda ƙunar ta tsaya, a yanke abin da ya ƙone, a sa waya mai kauri irin nata, a haɗa da dalma, a rufe da kyau, a ɗaure nesa da salansa. Murɗa bakin waya biyu a naɗe da salatif ba ya wuce damina ɗaya a hanyar da kake bi.

Abokanka da ke cewa an musanya altaneta, ka roƙe su su bar maganar. Babu abu ɗaya a cikin abin da ka lissafa da sai an yi sata zai faru, kuma mutumin da ya ƙi karɓar ladan sauke giya, aikin da ke cinye wuni da ƙarfin mutum uku, ban ga abin da zai kai shi ga kwance maka altaneta ba. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wannan da in ya fita daga bakinka sau ɗaya, ya isa kunnen surukai, ba ka da abin da za ka mayar da shi.

Na fahimci abin da ya ɗaure ka. Da kuɗi ka biya, da ka koma da ƙarfinka ka ce a duba aiki. Alherin da ya yi maka shi ya rufe maka baki, shi kuma alherin ne ya sa ƙorafinka ya yi masa ciwo fiye da na baƙo. Ka duba ta wajensa: ya yi wa mijin ƙanwarsa aiki kyauta, sai ga shi ya dawo, wataƙila a gaban yaransa da masu jiran aiki, yana cewa tun da ka taɓa motar ta lalace. Ko ba haka ka faɗa ba, haka kunnensa ya ji. Kuma ya yi kuskure, ba zan ɓoye ba. Bai kamata ya sa ka sayi batir ba a auna ba, bai kamata kuma ya sallame ka da kalmar tsufa ba alhali kana jin warin ƙuna. Amma kuskuren wanda ya ji an taɓa sana'arsa ne, irin wanda ke warwarewa in an ba shi ƙofar fita da mutuncinsa.

Ƙofar kuwa tana nan. Gyaran waya sana'a ce daban da ta bakanike, kowane gareji ya san haka, kuma babu bakaniken da ke jin an ci masa fuska don an kira mai waya. Saboda haka kada ka same shi a gareji. Ka je gida bayan la'asar ko bayan isha, ku gaisa, ka fara da gaya masa kuloci ya zauna daram, tunda gaskiya ce ba ka yi kuka da shi ba. Sannan ka ce, Yaya, maganar wutar nan ce ta hana ni barci, ina jin warin ƙuna kuma ina ɗaukar mutane, wane mai waya ka yarda da shi, ka haɗa ni da shi ya zo ya duba a gabanka? Da wannan ka mayar da shi mai ba da umarni a aikin. Kuɗin mai wayar kai za ka biya, kada ka tsaya jiran a raba, ladan da ya yafe maka ya fi shi. In aka tarar baƙar waya ce aka manta ko dami aka matse, ka yi shiru, ka bar shi ya gani da idonsa. Ya san abin da ya gani, kuma ina kyautata zaton shi zai fara cewa a kawo sifana. Maganar yaron da ya naɗa waya kuwa, ka gaya masa a keɓe, cikin sanyi, ka roƙe shi ya koya masa kada ya dake shi. Yaron abin da ya ga ana yi ya yi, kuma gobe motar wani zai yi wa.

In ya ƙi, ya ce shi ya gama magana, to ka yi abin da ya wajaba a kanka. Ka sanar da shi da bakinka cewa gobe za ka kai ta wurin mai waya saboda tsoron gobara, ka kuma ce in an gama za ka kawo masa ya duba. Abin da ke tozarta mutum shi ne ya ji a bakin wasu cewa an ga motarka a wani gareji. In kai ka faɗa masa tun kafin ka je, ka fita haƙƙinsa. A wurin mai wayar kuma kada ka buɗe da tarihin wanda ya yi aikin, ka ce an sauke giya wata biyu da suka wuce, ka lissafa alamun kamar yadda ka lissafa mini, ka tsaya a kansa ya nuna maka mita kafin ya ce a sayo wani abu. Wanda ya fara da cewa a canja altaneta ko a sake wayar motar gaba ɗaya bai ko buɗe akwatin fis ba, ka yi masa godiya ka nemi wani.

Uwargida kuma tsoronta a fili yake, tana tsakanin mijinta da yayanta, kuma duk wanda ya ji ciwo ita za ta kwana da shi. Kada ka aike ta da saƙo gidansu, kada kuma ka riƙa kawo mata ƙarar yayanta a kan tabarmar cin abinci. Ka zaunar da ita ka gaya mata abin da ka shirya faɗa masa, kalma da kalma, ka nuna mata fis ɗin da suka ƙone in kana da su, ka ce mata a motar nan ita da yara suke zuwa biki. Ina ganin in ta ji cewa yayan nata ne zai zaɓi mai wayar, rabin damuwarta ta tafi. Gaba kuma, in ya sake yi maka aiki ya ƙi karɓar lada, ka ba yaransa na abinci mai kauri, ko ka sauke masa tiya biyar na gero a gida in ka dawo daga kasuwa, yadda bakinka zai saki in akwai abin faɗa.

Tsohon batirin, in bai riga ya tafi wurin masu gwangwan ba, ka kai a yi masa caji a auna shi, mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau, ka samu na ajiya. Sabon ma a cika shi a caja kafin a fara gwaje-gwajen nan, domin batirin mota ba ya son a riƙa zuƙe shi har ƙasa, kuma wanda ya yi rauni yakan sa mita ta ba da labarin da ba shi ba. In za ka sa hannu kusa da batir ka cire zoben azurfa da agogon ƙarfe. In an gama, ka rubuto mini lambobi uku: abin da batir ya nuna da safe kafin a tayar, abin da ya nuna inji yana aiki, da abin da motar ke ja in an cire makulli. Ka gaya mini kuma a ina ƙwan ya yi rawa. Allah ya tsare hanya, ya bar zumunci.